Mati a Kano, Dariya a Zango: Wa Ke Yanke wa Fim ɗin Barkwanci Hukunci?

A watan Janairun 2020 aka fara haska fim ɗin Mati a Zazzau a sinimar Filmhouse ta rukunin kantunan Ado Bayero a Kano. Yaseen Auwal ne ya ba da umarni, Rahama Sadau na cikin waɗanda suka shirya shi, Sadiq Sani Sadiq kuma ya sake shiga rigar Mati, mayaudarin nan mai daɗin baki da masu kallo suka sani tun a Mati da Lado na 2014. An tallata fim ɗin sosai a Instagram da Facebook, samari da 'yan mata suka yi ta zuwa kallo, masu sharhi kuma suka ɗauki alƙalami.

Hukunci biyu ke nan aka ji: na waɗanda suka sayi tikiti a Kano, da na waɗanda suka iya rubutu. Akwai hukunci na uku da bai shiga jarida ba, alhali masu yanke shi sun fi kowa yawa. Su ne masu kallon garuruwa irin su Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, waɗanda fim ba ya isa gare su sai ya gama yawonsa a birni, kuma ba wanda ke zuwa ya tambaye su abin da suka gani. Fim ɗin barkwanci da aka gina kan halin mutum, a hannunsu yake rayuwa ko ya mutu. Duk wanda ke son ya fahimci dalilin da ya sa wani ɗan wasa ke shiga zuciyar Hausawa wani kuma ya wuce kamar ba a yi shi ba, dole ya saurare su.

Fim ɗin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya

Masu sana'ar fim a Kano sun daɗe da raba kayansu gida biyu. Akwai finafinan soyayya da rikicin iyali masu waƙa da rawa, waɗanda suke kira santimental. Akwai kuma camama, wato wasan ban dariya da ake ɗauka cikin 'yan kwanaki da ƙaramin jari, galibi a ƙauye. Na farko ake ɗauka da daraja, shi ake kai wa bikin ba da kyaututtuka. Na biyu kuwa ana cin ribarsa ana kuma jin kunyarsa.

Mati a Zazzau ya tsaya a tsakanin gidajen nan biyu. An kashe masa kuɗi irin na fim ɗin sinima, an tara masa sanannun fuskoki irin su Adam A. Zango da Rabi'u Rikadawa da mawaƙiya Hadiza Blell, wadda aka fi sani da Di'Ja. Amma ƙashin bayansa na camama ne: mutum guda mai hali guda, a jefa shi cikin jama'a a ga abin da zai faru. Mati maƙaryaci ne da ba ya rasa abin faɗa. Idan asirinsa ya tonu a nan, kafin ƙura ta lafa ya ƙulla wata a can. Mai kallo ya san ƙarya yake yi, mutanen cikin fim ba su sani ba, kuma daga wannan tazara dariyar ke fitowa.

Irin wannan fim yana da wuyar yi fiye da yadda ake zato. Fim ɗin soyayya yana iya jingina da waƙa mai daɗi, fim ɗin faɗa ya jingina da bugu da gudu. Wannan kuwa ba shi da madogara sai ɗan wasan: yadda yake kallon gefe kafin ya shara ƙarya, yadda muryarsa ke sauka idan ya ga an kusa gano shi, ɗan tsoron da ke ɓoye ƙarƙashin fankamarsa. In mai kallo bai yarda cewa akwai irin wannan mutum a duniya ba, komai kyan kyamara fim ɗin ya faɗi. Ba kuma wani babban kamfani ko asusun gwamnati da ke tsaya wa mai shiryawa. Kuɗinsa ne da na abokansa, in an yi asara shi zai kwana da ita.

Yadda fim ke isa Zango

Zango hedikwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Katsina, ɗaya daga cikin biyar ɗin da suka haɗu suka zama masarautar Daura. Ƙaramar hukumar tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma a ƙidayar 2006 mutanenta sun haura 150,000. Yawancinsu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Babu sinima irin ta Kano a nan, kuma tafiyar sa'o'i a mota don kallon fim ɗaya ba abu ne da mai noman gero da wake zai sa a lissafinsa ba.

Duk da haka fim bai taɓa yanke zuwa ba. Tun bayan Turmin Danya na 1990, wanda da shi ake fara lissafin finafinan Hausa na bidiyo, kaset ya riƙa shigowa garuruwan arewa a motocin kasuwa. Sai gidajen kallo masu janareta da bencina suka bayyana, sai faifan CD da ake sarowa daga Ƙofar Wambai. Da wayar hannu mai memori ta yawaita, kasuwar faifai ta durƙushe, 'yan dawunlodin suka gaje ta. A shagon da ake cajin waya, nan ake tura wa mutum finafinai da 'yan kuɗi kaɗan. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta ƙara wata ƙofa ga gidajen da ke da tauraron ɗan'adam.

Wannan hanya ta sauya yadda ake kallo. Waya ɗaya ce kawuna huɗu ko biyar suka sunkuya a kanta a majalisa bayan sallar isha'i, ko a tsakar gida bayan an sauke tukunya. Caji yana iya ƙarewa a tsakiyar fim, sai gobe a ɗora. Wani lokaci ma ba dukan fim ɗin ne ke zuwa ba, guntun fitowa ce ta minti uku da aka yanko aka watsa a WhatsApp. Labari mai sarƙaƙiya ba ya jure irin wannan yanka. Hali kuwa yana jurewa, domin ko a minti uku marowaci marowaci ne, matsoraci matsoraci ne. Shi ya sa mai zuwa shagon turi ba kasafai yake ambaton sunan fim ko na darakta ba. Abin da za ka ji shi ne, “Malam, akwai sabon na Bosho?”

Ko iyaka ba ta tare wannan ciniki. Lokacin da Mati a Zazzau ya fito, iyakokin Nijeriya na ƙasa a rufe suke, tun daga Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020. Buhun shinkafa ya sha wuya kafin ya ƙetare, amma abin da ke cikin memori yana aljihun mai shi. Masu kallon Magarya da Matamaye da Damagaram harshensu ɗaya da na Zango, abin da ke ba wa wannan dariya shi ke ba wa wancan.

Hukuncin waɗannan masu kallo ba a rubuce yake ba, amma a bayyane yake ga mai lura. Fim ɗin da ya karɓu, ba a goge shi daga waya ko da wuri ya cika. Ana maimaita kallonsa har yara su haddace maganganun ciki. Mafi girman lambar yabo kuwa ita ce laƙabi: ranar da aka fara kiran wani mai wayon tsiya a unguwa da sunan ɗan wasan, fim ɗin ya zama ɗan gari. Matsalar ita ce wannan yabo ba ya komawa Kano a matsayin kuɗi, domin abin da aka biya a shagon turi a shagon yake tsayawa. Lokacin fitowar Mati a Zazzau, mai shirya fim yana lissafin nasararsa da kujerun sinima, mafi yawan masoyansa kuma ba sa cikin lissafin.

Mati ba baƙo ba ne

Dalilin da ya sa mai kallon karkara yake gane irin Mati da kallo ɗaya shi ne ya san shi tun kafin a ƙirƙiro kyamara. Duk wanda kakarsa ta yi masa tatsuniya ya san Gizo: mai ƙaramin ƙarfi, mai babban ciki, mai yaudarar zaki da kura da sarki, wani lokaci ya tsira wani lokaci ya sha kashi. Ba wanda ya taɓa cewa tatsuniyar Gizo tana koya wa yara ƙarya. Kowa ya fahimci tana koya musu gane maƙaryaci.

Haka tashe da ake yi a watan azumi. Yara da samari suna shigar tsoho da gwauro da marowaci da malami mai son abin duniya, suna bi gida gida ana dariya ana ba su hatsi ko kuɗi. 'Yan kama suna kwaikwayon masu karatu da masu wa'azi, su mai da zancen kan tuwo da nama. A gidajen sarauta akwai wasan gauta, inda mata ke kwaikwayon sarki da fadawansa, masu mulki su ga kansu a jikin wasu. Zango kuwa tsohon mazaunin sarauta ne. Nan wani reshe na sarakunan Daura na Haɓe ya zauna bayan jihadi, kafin Turawa su mai da Malam Musa kan gadon Daura a farkon ƙarni na 20. Garin da ya san fada ya san maroƙi da ɗan kama da wawan sarki, ya kuma san cewa da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya.

Rubutaccen adabi ma ya ɗauki wannan gado. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, abin da ke riƙe mai karatu shi ne ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, kowa na shirya wa ɗan'uwansa tuggu. Da talabijin ta zo, sai aka sami Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, tsohon soja da ya mai da rayuwar bariki abin dariya, da Ƙasimu Yero a Karambana daga Kaduna, da Golobo a Sakkwato, da Karkuzu a Jos. Kowanensu hali guda ya riƙe ya yi ta juya shi shekara da shekaru. Masu kallo sun manta yawancin labaran, amma ba su manta mutanen ba. Hali zanen dutse ne, a rayuwa da cikin wasa.

Darasin Ibro

Babu wanda rayuwarsa ta nuna saɓanin masu kallo da masu hukunci kamar Rabilu Musa Ibro. Ɗan Ɗanlasan ne a Jihar Kano, ya yi aikin gandiroba kafin ya rungumi wasan kwaikwayo. Shekaru masu yawa sunansa kaɗai ya isa ya sayar da kaset. Duk abin da ke tashe a gari sai ya mai da shi wasa, kamar yadda ya yi a Ibro Awilo lokacin da kiɗan mawaƙin nan na Kwango ya cika ko'ina. Talakan birni da na ƙauye sun ga kansu a jikinsa: mutumin da ba shi da komai sai baki da dabara, kullum cikin neman na cefane, kullum cikin shiga abin da ya fi ƙarfinsa.

'Yan boko da yawa kuwa sun ɗauki finafinansa shirme. Hukuma ta ɗauke su abin tuhuma. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta tsananta matakai bayan dambarwar da ta girgiza masana'antar a 2007, lokacin shugabancin Abubakar Rabo Abdulkarim. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro ɗaurin wata biyu kan fim ɗin Ibro Aloko. Ya fito ya ci gaba da sana'arsa, farin jininsa bai ragu ba.

Da ya rasu a Disambar 2014, sai harshe ya juya. Waɗanda ba su taɓa rubuta layi ɗaya na yabo a kansa ba suka shiga bayyana irin baiwarsa: iya kwaikwayon murya, saurin ƙago magana nan take, fuskar da ke ba da dariya kafin baki ya buɗe. Duk wannan masu kallon Zango da ire-irensu sun gan shi tun shekaru kafin nan. Abin takaici ne a ce sai mutum ya kwanta dama masu alƙalami za su tarar da masu kallo a inda suka daɗe da isa.

Ma'aunin masu alƙalami

Sharhin fim da Hausa yana da tarihinsa. Mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara fitowa a Maris na 1999, kuma a shafukan mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu aka fara kiran masana'antar da sunan Kannywood. A 2003 aka yi babban taron masana a Kano kan finafinan Hausa, aka tattara takardunsa cikin littafi a 2004. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa kan tasirin finafinan Indiya a kan na Hausa. Muhsin Ibrahim, wanda ke koyarwa a Jamus, ya fitar da littafi kan Kannywood a 2018, kuma yana cikin 'yan ƙalilan da ke bin sabbin finafinai ɗaya bayan ɗaya da sharhi.

Abin da mai sharhi ke nema a fim sananne ne. Yana duba ko labarin ya haɗu, ko abin da ya faru a ƙarshe ya samo asali daga farko, ko an bar wani zare yana lilo. Yana duba hoto da sauti da sutura, yana duba fassarar Ingilishin da ke ƙasan allo, wadda ta daɗe tana ba masana'antar kunya. Sharhin finafinan sinima na shekarun nan yakan bi hanya guda: a yaba ci gaban da aka samu a kyamara da tacewa, sannan a koka da raunin rubutu. Wannan koke gaskiya ne. Ana iya kashe miliyoyi kan kayan aiki da masauki da fitattun 'yan wasa, marubuci kuwa a sallame shi da abin da bai taka kara ya karya ba.

Sai dai mai sharhi da mai kallo kowa da mudun da yake awo da shi, kamar masu hatsi biyu a kasuwa ɗaya. Na farko yana auna ginin labari, na biyu yana auna gaskiyar mutum. Mai kallo zai yafe wa fim rami goma a labarinsa in dai ɗan wasan ya yi kama da wani da ya sani. Ba zai yafe wa fim mai tsararren labari ba in mutanen ciki suna magana kamar masu karanta takarda. Wannan ma ilimi ne. Wanda ya rayu cikin gidan mutum talatin, ya ga kishi da rowa da fankama da kara tun yana yaro, yana da idon da zai gane inda ɗan wasa ya yi ƙarya a fuska, ko da bai san sunan ko ɗaya daga cikin dabarun ɗaukar hoto ba.

Akwai kuma matsalar harshe. Mafi yawan sharhi mai zurfi da Ingilishi ake rubuta shi, a shafukan intanet da mujallun jami'a. Abin da ke isa ga mai jin Hausa kaɗai galibi labarin taurari ne: wa ya yi aure, wa ya saki, wa ya yi faɗa da wa. Ta haka aka wayi gari masu sharhi suna magana da junansu, masu kallo ma suna magana da junansu, fim ɗaya suke zance a kai amma ba sa haɗuwa.

Ma'aunin mumbari

Mai sharhi na biyu ya fi na farko ƙarfin murya, shi ne mai wa'azi da jami'in tacewa da uban da ke tsoron abin da 'ya'yansa ke kallo. Tambayarsu ɗaya ce: wane saƙo fim ɗin yake isarwa? Su kansu 'yan fim da wannan harshe suke kare kansu, kullum suna cewa aikinsu faɗakarwa ne da ilimantarwa da nishaɗantarwa. Ƙarfin wannan murya ya fito fili a 2016, lokacin da gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Ƙofa ta Jihar Kano bayan malamai da jama'a sun nuna adawa.

Damuwar tarbiyya ba abin rainawa ba ce. Waya ta shigar da fim har ɗakin da a da baƙo ba ya shiga. Amma idan aka matsa wa fim ɗin barkwanci lallai sai ya rufe da wa'azi, ana kashe abin da ya sa yake da amfani. Kowa ya san irin ƙarshen nan: a minti biyar na ƙarshe ɗan sanda ko malami ya bayyana, ya tara jama'a ya karanta musu darasin da suka riga suka fahimta. Darasin fim irin na Mati yana cikin dariyar kanta. Mutanen da suka taɓa ba wa boka akuya, ko suka zuba kuɗinsu a hannun mai alkawarin ninka su, ko suka yi wa ɗan siyasa layi a rana, idan suka ga yadda mayaudari ke karanta kwaɗayin mutane ya yi musu tarko da shi, sun karɓi gargaɗin da ya fi na minti biyar ɗin nan shiga jiki.

Maƙwabtanmu sun nuna cewa ana iya haɗa dariya da nauyi. A 1968 Ousmane Sembène na Senegal ya yi Mandabi da harshen Wolof, labarin wani magidanci da aka aiko wa takardar kuɗi daga Faransa, ya yi ta yawo ofis ofis har ta zame masa masifa. Fim ɗin ya sami kyauta a bikin finafinai na Venice. A Nijar, Moustapha Alassane ya yi FVVA a 1972, yana zolayar ƙaramin ma'aikacin da burinsa bai wuce mata da gida da mota da kuɗi ba. Babu wanda ya tsaya ya yi huɗuba a cikinsu, amma har yau ana koyar da su.

Inda dariya ke da laifi

Kare mai kallo ba ya nufin duk abin da ya ba shi dariya daidai ne. A nan masu sharhi suna da aikin da ba wanda zai yi sai su. Camama ta daɗe tana cin abinci da kwaikwayon Bagware da Bafulatani da Bayarabe a matsayin marasa wayo, da mai da gurgu da makaho da mai in'ina abin tsokana. Ana kare wannan da cewa wasan barkwanci ne na gargajiya. To amma wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, ko Katsinawa da Nufawa, yana da ƙa'ida: ka faɗa a rama, kowa yana da baki. A fim ɓangare ɗaya ne ke riƙe da kyamara, ɗayan ba shi da damar ramawa.

Abin da ya fi shafar Zango kai tsaye shi ne hoton baƙauye. A finafinai da yawa mutumin karkara shi ne mai yagaggiyar riga da baƙin haƙori, wanda bai san komai ba, wanda kowa zai iya damfara. A birni aka zana wannan hoto, aka aiko wa mutanen karkara su saya su yi dariya. Manomin da ya san lokacin shuka da kallon sama, ya san farashin CFA da naira a ka, ya iya sasanta rikicin gona da makiyayi, ba shi ne ake nunawa ba. Fim ɗin da ya ce kan hali aka gina shi, wajibinsa ne ya ba mutanen da mayaudari ke yaudara hankali da dalili, domin mutum mai hankali ma ana cutarsa ta ƙofar bukata ko tsoro ko kunya. Yin hakan zai ƙara wa dariyar daɗi, ya kuma ƙara mata gaskiya.

Bayan korona

'Yan makonni bayan fitowar Mati a Zazzau annobar korona ta sa aka rufe wuraren taruwa, har da sinimomi. Masana'antar ta karkata zuwa shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da talabijin. Izzar So da Labarina sun mamaye 2020. A fagen barkwanci, Gidan Badamasi na Falalu A. Ɗorayi, wanda Arewa24 ta fara nunawa a 2019, ya tabbatar da abin da masu kallo suka daɗe suna faɗa da zaɓinsu. Labarinsa gajere ne: tsoho mai dukiya da tarin 'ya'ya, kowa idonsa na kan abin hannunsa. Abin da ya riƙe jama'a shi ne kowane ɗa da halinsa, kuma da wuya a sami babban gidan da ba a ga irin ɗaya daga cikinsu ba.

YouTube ya kawo sauyi mai muhimmanci: kallon mutumin da ke nesa da Kano yana iya shiga lissafi, ya kuma zama kuɗi a hannun mai shiryawa. Amma wannan ga mai kuɗin data ne da sabis mai ƙarfi. Wanda ya dogara da shagon turi har yanzu ba a ƙirga shi. Tsarin ya kuma zo da cutarsa, wato jan labari don a tara makonni, har halin da ya fara da armashi ya koma maimaici.

Abin da ya rage a yi

Gyaran ba ya bukatar jiran gwamnati. Gidajen rediyo irin su Rediyon Jihar Katsina da Companion FM suna shiga kowane lungu na masarautar Daura. Shirin mako mako da zai ɗauki fim guda, mai sharhi ya faɗi nasa da Hausar da kowa ke ji, a buɗe layi masu kallo su faɗi nasu, zai haɗa muryoyin nan biyu da ba su taɓa zama wuri ɗaya ba. Ɗaliban Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Yusuf Bala Usman ta Daura suna iya fita da littafin rubutu zuwa majalisu da shagunan turi da zaurukan Zango, su tambayi maza da mata wane fim suka ajiye, wane suka goge, da dalili. Irin wannan bincike zai amfani marubucin fim fiye da yabon abokansa.

Masu shirya fim kuma su biya marubuci haƙƙinsa, su ba shi lokaci ya zauna da mutanen da yake rubutu a kansu. Mai sharhi ya ci gaba da tsananta wa labari mara kai, ya ci gaba da tsawatarwa kan izgili ga masu rauni, amma ya daina ɗaukar dariyar talaka a matsayin shaidar rashin sani. Mutanen da suka raini Gizo, suka tsaya wa Ibro lokacin da ake ɗaure shi, suka mai da sunayen 'yan wasa laƙabin maƙwabtansu, sun nuna sun san aikin. Fim ɗin Hausa zai ƙara inganci ranar da mai rubuta shi ya fara jin tsoron hukuncinsu kamar yadda yake jin tsoron na hukumar tacewa.